Fitilar Da Ta Ji Kukana

Jawabin Malama Kakra Essilfie a bikin karrama Egya Bentsil mai gyaran rediyo, a Sekondi

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar masu gyaran rediyo da talabijin ta garinmu, Mista Kwamena Amissah. Mai martaba Nana mai unguwarmu, da dattawan da ke damansa da hagunsa. Malaman addini, na coci da na masallaci, waɗanda suka buɗe mana wannan zama da addu'a. Iyayenmu mata na kasuwar kifi, waɗanda ƙamshin girkinsu ya sa tun ɗazu rabin jama'a ke waiwayen bayan rumfa. Masu gyara manya da ƙanana, da samari da 'yan matan da ke koyon sana'a a hannunsu. 'Yan'uwana na ƙungiyar kurame, waɗanda ke sahun gaba suna sauraro da idanu. Sai kuma uban taro, wanda dominsa aka kafa rumfa aka jera kujeru, babanmu Egya Bentsil, da abokiyar zamansa Maame Aba. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Godiyata ta farko ga Allah, wanda ya nuna mana wannan rana dattijon nan yana zaune a tsakaninmu da ƙafarsa da hankalinsa. Ta biyu ga kwamitin shirya biki, da suka ga ya dace a ba ni bakin magana. Ta uku kuwa ga wannan da ke tsaye kusa da ni tana juya maganata zuwa yaren hannu, wato abokiyar tagwaicina Panyin. Ta riga ni zuwa duniya da ɗan lokaci kaɗan, amma har yau ba ta bar ni na manta ba. Idan kuka ga na sahun gaba suna dariya a inda ban faɗi abin dariya ba, ku tabbata ita ce ta ƙara gishiri.

Kwamiti sun ce mini, "Malama Kakra, tunda aikin lantarki kike koyarwa a kwalejin fasaha, ki yi wa yaranmu bayanin tiransista, sannan ki faɗi wani abu a kan Egya." Na ce musu ai a wurina maganar ɗaya ce. Saboda haka zan faɗi mene ne abin, zan faɗi abin da ya yi a gidanmu, sannan in yi roƙo in zauna.

To, ga shi a hannuna. Na baya ba za su gan shi ba, domin bai fi ƙwayar wake ba, sai dai ƙafafu uku gare shi sirara kamar allura. Kowa a nan ya san makunnin da ke jikin bango: wuta tana nan tsaye a cikin waya tana jira, hanya a toshe, sai ka sa yatsa ka danna, hanya ta buɗe, fitila ta kama. Wannan ɗan abu shi ma makunni ne, amma ba yatsa yake jira ba, wuta yake jira. Ƙafa ɗaya ta nan wuta ke shiga, ƙafa ɗaya ta nan take fita, tsakaninsu kuma akwai ƙofa a rufe. Ta ukun ita ce mai riƙe da ƙofar. Muddin babu abin da ya taɓa ta, ko batir ya cika ya batse, fitila ba za ta kama ba. Amma da zarar 'yar wuta ƙanƙanuwa ta shiga ta wannan ƙafa, wutar da ita kaɗai ba za ta iya ɗumama ko gashin ƙwan fitila ba, sai ƙofa ta buɗe, babbar wuta ta taso daga batir ta bi ta cikin fitila ta koma gida. 'Yar wutar ta ɗauke, ƙofa ta rufe. Yarana masu koyo, ku riƙe wannan: ba ƙaramar wutar ke kunna fitila ba, ita dai buɗewa take yi. Sauran bayanin kuwa ba a aji na fara jin sa ba, a tsakar gidanmu aka fara yin sa, ina kwance a tabarma ban san inda kaina yake ba.

Wannan ya kawo ni ga magana ta biyu. Mahaifiyata, Maame Araba, ga ta can a sahun gaba da jan ɗankwali, kurma ce tun tana ƙaramar yarinya, wani zazzaɓi ne ya tafi da jinta. Mahaifina Egya Kobina kafinta, Allah ya jiƙansa, shi da kurumtarsa aka haife shi. Sai Allah ya ba su tagwaye a haihuwar fari. Gidan da muke haya, bango ɗaya ne ya raba ɗakinmu da shagon Egya Bentsil. A tsakar gida kuma mahaifiyata take da 'yar rumfa inda take dafa dokunu, wato tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, tana suyar kifi don sayarwa. Idan an kwanta ba ta da damuwa, hannu ɗaya a ƙirjin kowace take barci, ko motsi muka yi ta sani. Rana ce matsala. Baya ɗaya gare ta. Idan ta goya ɗaya, dole ta kwantar da ɗaya a ɗaki nesa da hayaƙi da tafasasshen mai. Panyin ba ta yarda a sauke ta, don haka ni ce ta tabarma.

An ce kuma ni murya gare ni. Egya Bentsil ya sha gaya mini, "Kakra, na kama tashoshin duniya kala-kala a shagon nan, ban taɓa kama tasha mai ƙarfinki ba." Abin da aka saba, da na fara sai Maame Aba ta bar abin da take yi ta ruga ta taɓa kafaɗar mahaifiyata. Wata rana da hantsi Maame Aba ta tafi bakin teku sayayya, mahaifina yana wurin aiki, sai jerin cinnaku suka biyo ta ƙarƙashin ƙofa suka hau tabarmar da nake kwance. Egya yana kan bencinsa yana fama da rediyon wani, yana jin kukana yana tsaki, yana cewa yanzu wani zai ɗauke ta. Can sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Kunnen mai gyara ya san lokacin da ƙara ta canza. Ya ce kukan ya bar na rigima ya koma wani abu dabam, sannan ya fara dusashewa. Ya fita a guje babu takalmi, ya banka ƙofarmu, ya ɗauke ni ya kakkaɓe, ya kai ni rumfa. Mahaifiyata tana juya kifi, tana rausaya Panyin a baya, ba ta san komai ba sai da ta juyo ta ga jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu.

Labari ya kai ƙauyenmu can hayin kogin Pra, sai ga kakata Nana Mansa, uwar mahaifiyata. Ta duba jikina, ta zauna a tsakar gida, ta yi magana da ƙarfi don duk 'yan gidan haya su zama shaida. Ta ce, "Ba don ina ƙin 'yata ba. Ni na haife ta, na san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Yau cinnaka ne, gobe fa? Ɗaya ta zauna a bayanta, ɗaya ta zo wurina. Zan je in gama cire masara, in nemo mai shayarwa a dangi, in dawo in ɗauki ƙaramar." Kun san yadda abin yake a wurinmu, idan uwar uwa ta yi magana a kan jika, uba sai dai ya dubi ƙasa. Mahaifiyata kuwa ba ta nemi mai fassara ba. Ta ga yatsan uwarta ya nuna ni, sannan ya nuna hanya.

Daga ranar ba ta sake kwantar da ni ba. Ta goya Panyin a baya, ta ɗaure ni a gaba, ta tsaya haka a gaban kaskon mai tana miƙa hannu daga nesa. Idan mai ya yi tsalle sai ta tare da damtsenta. Tabon yana nan a hannunta har yau. Egya ya leƙo ta tagar shago ya ga wannan, ya koma kan bencinsa yana ta juya abin a ransa. Da Maame Aba ta kawo masa abinci sai ya ce, "Zan yi wa matar nan abin da zai riƙa gaya mata idan yarinyar na kuka."

Ta ce, "Kai da ƙofar kicin ɗinka ta shekara tana lilo ba ka gyara ba, kunnen mutum za ka gyara?"

Ya ce, "Ba kunne zan gyara ba. Ido zan aika wa saƙo."

Ya ciro ƙaramar lasifika daga wani mataccen rediyo. Masu sana'a sun san cewa lasifika, idan ka ba ta wuta sai ta girgiza ta yi ƙara, idan kuma ka yi mata ƙara sai ta girgiza ta haifar da 'yar wuta. To, ga ƙaramar wuta ta samu, kukana ne zai haife ta. Sai dai ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ta isa ta tura ƙofa ba, don haka ya jera tiransista biyu a gabanta su ɗan ƙara mata ƙarfi, na uku kuma ya zama shi ne makunni, shi ke tsare da hanyar da ke tsakanin batir da ƙwan tocila. Ya liƙe komai da dalma a kan guntun allo, ya ɗauko ya kawo rumfa yana murmushi, ya nuna wa mahaifiyata ni, ya nuna ɗaki, ya nuna ƙwan.

Ta dube shi, ta dubi allon, ta girgiza kai. Ta ƙara tamke zanen da ta ɗaure ni da shi. Maame Aba, wadda zaman tare ya sa ta tsinci yaren hannu kaɗan-kaɗan, ta fassara masa: "Ta ce ba za ta bar 'yarta a hannun abin da ba ta san cikinsa ba. Ta ce tsafi ne ko mene ne?"

Egya ya ce, "To ni yanzu ta ina zan fara? Yaran da ke da kunnuwa biyu ma sai na yi wata ina faɗa kafin su gane."

Maame Aba ta ce, "Watakila bakin ne ya yi yawa. Gwada rufe shi."

Jama'a, wannan darasin da Egya ya bayar da baki a rufe, ni da nake koyarwa ban taɓa ba da irinsa ba. Da fari ya kunna rediyo mai rai, ya kama yatsun mahaifiyata ya ɗora a kan takardar lasifika. Ta ji tana rawa a ƙarƙashin yatsunta. Ya kashe, rawa ta tsaya. Sannan ya ɗauko tasa lasifikar, ya ɗora yatsunta a kai, ya sunkuya ya yi ihu a ciki. Ta ji ta yi rawa. Ta ɗaga kai ta dubi bakinsa, ta dubi maƙogwaronsa, ta sa ɗayan hannun a ƙirjina inda ta saba jin kukana yana karkarwa. Ya haɗa lasifikar da mitarsa ta auna wuta ya sake ihu, allurar mita ta ɗan motsa. Ta gyaɗa kai. Ta gane cewa kuka girgiza ne, girgizar kuma tana haifar da wani abu da ke bin waya.

Saura ƙofar. Ya ware wayoyi biyu, ɗaya daga kan batir, ɗaya mai zuwa ƙafar nan mai riƙe da ƙofa. Ya tsoma yatsunta a bokitin ruwa, ya ba ta waya ɗaya a hannun dama, ya nuna mata ta taɓa ɗayar da hagu. Ta yi ta noƙewa, tana zaton wuta za ta ja ta. Da ta taɓa, ba ta ji komai ba, amma ƙwai ya kama. Ta saki, ya mutu. Ta taɓa, ya kama. Sai ya cire tiransistocin daga hanya, ya sa ta riƙe wayar batir da wayar ƙwan kai tsaye, ƙwai ya ƙi ko ƙyaftawa. Ta tsaya ta yi tunani, kifinta yana ƙonewa a kasko ba ta kula ba. Can sai ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsanta, ta tura tafin hannunta na hagu da shi kamar mai tura ƙyaure, sannan ta buɗa kafaɗu ta yi tafiyar ƙaton mutum yana wucewa. Egya ya daka tsalle ya ce, "Aba, kin gani? Ta gane! Wallahi ta gane!" Maame Aba ta ce, "Ai na gaya maka bakin ne."

Amma aiki bai ƙare ba. Mahaifina da ya dawo aka nuna masa, shi ma ya ce sai ya gwada. Da yake kafinta ne, mai son gajeriyar hanya, sai ya tsallake wata 'yar ƙwaya mai zane-zane da Egya ya sa a gaban ƙafar ta uku, ya haɗa wayar batir da ƙafar kai tsaye. Ƙwai ya yi wal, tiransista ya yi zafi, shi ke nan ya mutu. Yarana, wannan 'yar ƙwaya ita kuke kira resista, aikinta ta rage wutar da ke zuwa wa ƙafar nan, domin ƙafa ce mai laushi, taɓawa take so ba duka ba. A wancan zamani kuwa kayan gyara sun yi wuya a ƙasar nan, dattawa za su tuna, sai ka zaga kasuwa ba ka samu tiransista ɗaya ba. Mahaifina ya tsaya kamar ya nutse don kunya. Egya ya dafa kafaɗarsa, ya shiga ɗaki, ya fito da rediyonsa na kansa, wanda yake jin wasan ƙwallo da shi kowace Lahadi, ya kwance bayansa don ya ciro wani tiransistan.

Maame Aba ta ce, "Bentsil, rediyon ƙwallonka za ka yanka?"

Ya ce, "Ƙungiyar tawa ma kullum cin ta ake yi. Na huta da baƙin ciki."

Daga nan sai gyare-gyare. Ƙwan yana ƙifta-ƙifta da kowane jan numfashina, ba ya tsayawa, sai ya ƙara wata 'yar ƙwaya mai tara wuta, wadda kuke kira kwandansa, ta riƙe 'yar wutar ta ɗan jima kafin ƙofa ta rufe. Sannan abin ya zama mai jin gulma: zakara ya yi cara ya kama, jirgin ƙasa ya yi kuwwa ya kama, mahaifiyata ta yi ta zarya a banza har ta fara hararar shagonsa. Sai ya ɗauko mariƙin ƙara murya na rediyo ya sa a hanya, ya yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan har ya zama sai ƙarar da ke kusa take buɗe ƙofa. Hasken rana kuma yana cinye hasken ƙwan. A nan mahaifina ya fanshe kansa: ya ƙera ɗan akwati, ya shafa masa baƙin fenti a ciki, ya samo jan gilashin fitilar bayan mota ya rufe bakinsa, ya rataye shi a inuwar rumfa daidai inda idon mai suya zai faɗa. Lasifika a ɗaki kusa da kaina, waya ta bi bango ta fito tsakar gida. A hankali mahaifiyata ta fara kwantar da ni, a kan gado wannan karon, ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa saboda cinnaka.

Masara ta ƙare, sai ga Nana Mansa da safe, da sabon zanen goyo a kafaɗarta. Egya ya fito ya gaishe ta hannu biyu, ya ce, "Nana, kafin ki ɗauke ta, ki zauna ki ga wani abu. Da yarinyar ta yi kuka, uwarta za ta sani."

Nana ta ce, "Da wane kunnen?"

Ya ce, "Ki dai zauna."

Aka sa mata kujera a ƙofar ɗaki. Mahaifiyata tana rumfa ta ba ɗaki baya. Aka zauna ana jiran in yi kuka. Jama'a, ni da na hana unguwa sakat tun ranar da aka haife ni, ranar nan barci na yi kamar an biya ni. Rana ta ɗaga, inuwa ta matsa, ko tari ban yi ba. Egya yana ta share gumi yana leƙa taga. Nana ta ce, "Bentsil ɗana, motar ƙauye ba ta jiran mai rediyo."

Maame Aba ta matso ta ce, "Nana, ko in ɗan mintsine ta?"

Nana ta ce, "Duk wadda ta mintsini jikata, ni da ita ne."

Da ta gaji sai ta miƙe, ta warware zanen goyon, ta shiga ɗaki ta sunkuce ni. Na buɗe ido na ga fuskar da ban sani ba, na kuwa saki murya gaba ɗaya. A rumfa jan gilashi ya haska. Waɗanda suka gani sun ce mahaifiyata ko waiwaye ba ta tsaya yi ba, ta yar da matsamin kifi ta zo a guje, Panyin tana tsalle a bayanta. Kafin Nana ta kai ni kafaɗa, ga 'yarta tsaye a bakin ƙofa tana haki, ta miƙo hannu biyu.

Nana ta dube ta, ta leƙa waje ta ce, "Wa ya gaya mata? Aba, ke ce kika yi mata alama."

Maame Aba ta ce, "Nana, ina bayanki fa, hannuna a ƙugu."

Egya ya ce, "Jikarki ce ta gaya mata."

Nana ta miƙa ni ga uwata. Ta tsaya tana bin wayar da ido, daga kan gado har bango, har rumfa. Sannan ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa, "Abin nan, kukan jariri kaɗai yake ji?"

Egya ya ce, "Duk wanda ya ɗaga murya kusa da shi, Nana."

Ta yi wa 'yarta alama ta koma rumfa da mu duka biyu. Da ta ga ta ba da baya, sai ta durƙusa a gaban lasifikar ta ce, "Araba." Gilashi bai haska ba. Egya ya ce, "Ɗaga murya, Nana." Sai ta ja numfashi ta yi kira irin na uwar da ke kiran 'yarta daga wurin wasa, "Arabaaa!" Gilashi ya haska. Mahaifiyata ta juyo. Ta duba mu ta ga babu mai kuka a cikinmu, ta taho ɗaki tana mamaki, ta tarar da uwarta durƙushe hawaye na zuba. Nana da bakinta ta ba ni wannan labari bayan na girma. Ta ce, "Rabona da in kira ta ta juyo, tun kafin zazzaɓin nan, tana 'yar mitsitsiya tana bin kaji. Na yi ta kira a gona, na yi ta kira a rafi, har na daina. Ranar nan na kira, ta zo."

Mota ta tafi ta bar ta. Ta sa 'yarta ta koma rumfa, ta sake kira. Ta sake. Sai da batir ya yi sanyi. Ta kwana da mu kwanaki, ta koma ƙauye ita kaɗai, ta bar sabon zanen aka riƙa goya ni da shi. Daga baya kuwa duk zuwan da za ta yi, sai ta shimfiɗa tabarma kusa da lasifika. Tana son ruwa, "Arabaaa!" Miya ta yi yaji, "Arabaaa!" Har wata rana mahaifiyata ta je shagon Egya ta tsaya, ta yi masa magana da hannu fuska a murtuke. Ya ce, "Aba, me na yi kuma?" Maame Aba ta ce, "Wai akwatinka ya naɗa uwarta sarauta."

Haka muka tashi tare ni da Panyin, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, faɗa ɗaya. Labarin fitilar ya bazu a cikin kurame, Egya ya yi ta haɗa wa wasu gidajen har Takoradi. Ina roƙon duk wanda aka rene shi da irin wannan fitila, ko ya reni nasa da ita, ya ɗaga hannu. Egya, ɗan juya ka gani. Ka duba da kyau, ba kunya za ka ji ba yau.

Saura roƙona, kuma ga masu shaguna nake yin sa. A makarantar kurame akwai samari da 'yan mata masu kaifin ido da natsuwar hannu, suna gamawa su rasa inda za su koyi sana'a, saboda an ce gyara sai da kunne. Ku da kanku kun san yawancin aikin yau da ido ake yin sa: mita ake dubawa, dalma ake dubawa, fuskar waya ake dubawa. Ku buɗe musu shagunanku. Ku ɗauki ɗaya-ɗaya. Idan yaren ne kuke tsoro, ni da Panyin mun ɗauki alkawarin zuwa duk shagon da ya karɓi yaro mu koya wa maigida abin da zai isa. Mista Amissah, ina fata za a sa wannan a zaman ƙungiya na gaba.

Kafin in zauna, mahaifiyata ta ce ita ma tana da magana, kuma ba ta yarda Panyin ta faɗa ba, wai za ta ƙara. Maame, tashi a gan ki. Ita za ta yi da hannu, ni zan ba ta murya.

Ta ce tana gaida Egya Bentsil, tana gaida Maame Aba. Ta ce ta yi zaman maƙwabtaka da mutumin nan tun tana amarya har ta yi furfura, ba ta taɓa jin muryarsa ba ko sau ɗaya. Ta ce mutane da yawa sun gaya mata ba ta yi asarar komai ba, wai muryar ba ta da daɗi. Ta ce ita ba ta yarda ba.

Allah ya ƙara wa Egya Bentsil lafiya da nisan kwana, ya bar shi da Maame Aba su ci gaba da faɗansu mai daɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mahaifina da kakata da sauran iyayenmu. Allah ya sa albarka a hannun kowane mai gyara, ya tsare shi daga jan wuta da ƙunar dalma, ya buɗa wa masu koyo basira. Allah ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.